Saje Haladu da Dokar Shanu

Saje Haladu bai taɓa aikin soja ba, bai taɓa ɗan sanda ba, ko harbin tsuntsu da danƙo ban jin ya iya. Sajen nasa na majalisa ne. Shi ne mai ɗaukar sandar majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Haɗeja, wadda ba sai na kama sunanta ba, don mutanenta suna nan da ransu kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Ranar zama sai ya sa baƙar kwat ɗinsa da jar ɗamara, ya saɓa sandar a kafaɗar dama, ya shigo gaban shugaban majalisa yana taku ɗaiɗai, ya ɗaga murya ya ce, "Mai girma Shugaban Majalisa!" Kowa ya miƙe. Ya ɗora sandar a kan tebur, ya ja da baya ya tsaya. Daga nan bakinsa ya rufe ke nan sai an tashi.

Kada ka raina aikin. Idan sandar nan ba ta kan tebur, ko kansiloli sun cika zauren maƙil, hira kawai suke yi, abin da suka faɗa bai zama doka ba. Haladu ya san haka, shi ya sa yake goge ta da toka da lemon tsami har ta riƙa ɗaukar ido. Shekara ashirin da 'yan kai yana tsaye a wuri ɗaya. A gabansa aka yi dokar yashe magudanan ruwa kafin damina, da ta hana ɗaure tumaki a bakin titi, da ta mayar da 'yan kifi bayan kasuwa saboda ƙarni. A gabansa wata majalisa ta hana wanke babura a bakin famfo, wata ta zo ta halatta. Kansiloli su zo da sababbin manyan riguna, su cinye wa'adinsu su tafi. Wani lokaci a rushe majalisar a kawo kantoma, sai sanda ta yi ta barci a kabad, shi kuma Saje ya yi ta zama a benci yana korar ƙuda. Duk waɗanda suka wuce ɗin nan, ban jin akwai mutum uku da za su gane shi a kasuwa idan ya tuɓe kwat ɗin.

A cikin gari kuma abin ya fi ban haushi. Da ya zauna a teburin mai shayi sai hirar siyasa ta mutu, a koma maganar ƙwallo, wai kada ya kai rahoto. Mutumin da ko tari ba ya yi a zaure, shi ake tsoron bakinsa! Da ya gane sai ya daina zuwa. Matarsa Larai ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba. Da farko ya ce sai an kwana biyu, kwana biyun ya yi ta tafiya har furfura ta cika masa gemu. 'Yarsa tilo, Bara'atu, tana aure a Gashuwa, takan bugo ranar Juma'a su gaisa, ta ce ko yana shan maganinsa, ya ce yana sha. Ɗaki biyu ne a gidan, ɗaya a rufe. Abinci wurin mai tuwo yake saye a kwano, ya ci shi kaɗai a tsakar gida da rediyo a gefe.

Amma yana da mutum ɗaya, kuma mutumin nan ba ya samuwa sai da rani.

Haladu ya gaji wata 'yar gona wurin mahaifinsa a Tudun Giginya, daidai inda jigawa ta ƙare fadama ta fara. Gero yake shukawa da wake. Shekarar da Larai ta rasu, bayan an yi kaka ruwan kogi ya ja baya, ya je kwashe harawarsa ya tarar shanu sun riga shi. Ya nufi mai shanun ransa a ɓace, yana shirya maganganun da zai yaɓa masa. Wani dogon Bafillatani ne siriri, ya gitta sandarsa a bayan wuya ya rataya hannuwa a kai, yana kallonsa yana tahowa. Da Haladu ya matso, mutumin ya ƙura wa tsagen kumatunsa ido, ya ce, "Au, ashe gonar bawana ce. To ai shanun ubangidanka ne suka ci, sai ka yi godiya."

Haladu Babarbare ne ta uwa ta uba, ga shaida nan a fuska. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa wasa ne tun na kakanni: kowanne ya ce ɗayan bawansa ne, a faɗi baƙar magana a yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Haladu ya tsaya da fushinsa a baki, ya rasa inda zai ajiye shi. Can ya ce, "Yunwa ce ta koro ka daga daji, mai ƙafa kamar sillen kara?" Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. Haladu ma ya ji dariya ta kuɓuce masa, ta farko tun da aka kai Larai makwancinta. Sunan mutumin Buba.

Ranar suka ƙulla abin da iyayensu suka saba ƙullawa. Buba zai riƙa sauka da garkensa a gonar duk rani, yana matsar da makwancin shanun daga wannan gefe zuwa wancan har taki ya game ko'ina. Haladu kuma zai bar masa kara da harawa, ya ware masa damman gero. Ba takarda, ba shaida. Ba kuma alkawarin rana. Idan ruwa ya janye ƙasa ta yi tauri, wata rana Haladu zai hango hayaƙi a kan tudun da balbelu suna shawagi, ya san baƙinsa sun iso.

Daga ranar, da an tashi daga aiki ya yi la'asar, sai ya hau kekensa. Zinariya matar Buba ta miƙo masa kindirmo a ƙwarya, su biyun su zauna a gindin giginya, shanu suna dawowa kiwo, maruƙa suna kuka a dangwali. In ka tambaye ni me suke cewa, wallahi ba komai. Buba ya ce Barebari ba su iya shan nono ba sai sun ɓata gemu. Haladu ya ce Bafillatani in ya ga mota sai ya yi mata sallama. Maganar aikin Haladu kuwa ba ta taɓa tsufa a bakin Buba ba.

"Wai kai sanda kake ɗauka a ba ka albashi?"

"Ita nake ɗauka."

"Tana kora shanu?"

"Ba ta kora."

"Tana kashe maciji?"

"Ba ta kashewa."

"To Barebari dai an ji jiki."

Su yi magariba tare a kan buzu ɗaya, Haladu ya hau keke ya koma gida da sauran dariya a bakinsa. Idan hadarin farko ya haɗo, Buba ya kwashe bukkokinsa ya yi arewa, sai kuma wani ranin. Watannin nan su ne shekarar Haladu. Sauran watannin jira ne kawai.

To, fadama ba ta tsaya yadda suka same ta ba. Injinan ban ruwa suka yi yawa, noman rani ya kankama. Inda da ciyawa ce zalla bayan ruwa ya janye, sai ga alkama, ga shinkafa, ga albasa, kore shar har bakin kogi. Mutanen da a da suke tafiya cin rani suka zauna gida suka sami abin yi, wannan kam alheri ne, babu mai musu. Amma hanyar da shanu suke bi su hau Tudun Giginya ta yi ta tsukewa, gona ta ci nan, gona ta ci can, har ta koma sai saniya ɗaya bayan ɗaya. Wani rani shanun wasu baƙi, ba na Buba ba, suka faɗa alkamar mutane. Aka yi faɗa, aka karya wa wani manomi hannu, aka ƙone bukkoki. Magana ta kai sakatariya.

Wata Talata da damina, ana yayyafi, rabin kansiloli suna duba waya, akawun majalisa Malam Yunusa ya miƙe ya yi karatu na ɗaya ga wani ƙuduri na tsara shigar dabbobi fadama lokacin noman rani. Haladu yana tsaye a wurinsa, kunnensa na ji zuciyarsa na wani wuri, yadda ya saba. Sai ya ji an ce "daga Tudun Giginya zuwa bakin kogi". Ya kasa kunne sosai. Ƙudurin ya ce daga kaka har faɗuwar ruwa ba garken da zai shiga yankin nan ko ya kwana a ciki. An fitar wa shanu sabon burtali can nesa, ya zagaye fadamar ta arewa, da mashaya a ƙarshensa. Wanda ya karya, tara. Shugaban majalisa ya miƙa ƙudurin ga kwamitin noma, aka sa ranar jin ra'ayin jama'a, aka wuce zuwa batu na gaba.

Ranar jin ra'ayi ba a fito da sanda, don ba zaman majalisa ba ne, taro ne na kowa da kowa. Duk da haka Haladu ya sa kwat ɗinsa. Zauren ne dai, shi kuma bai san yadda ake shiga zauren nan da rigar gida ba. Shi ya jera bencina, shi ya share, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa mutane wurin zama. Manoma suka cika wurin. Wanda aka karya wa hannu ya zo, maƙwabcin gonar Haladu ne ma, ya ɗaga hannun kowa ya ga yadda ya ɗore a karkace. Arɗon Fulanin da suke zaune a ƙasar ya zo, ya ce su ba su ƙi ba in dai mashayar ta tabbata, don su dama rugagensu ta arewa suke. Irin su Buba kuwa suna can wajen iyakar Nijar suna kiwon damina, ba su ma san ana yi ba.

Shugaban kwamitin, Mustapha, kansilan mazaɓar su Haladu ne, yaro mai hankali wanda a haife Haladu ya haife shi. Da aka kusa tashi ya duba zauren ya ce, "Akwai wanda bai yi magana ba? Duk mai gona ko mai dabba a yankin nan, yau ce ranarsa." Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya sake tambaya.

Haladu yana da gona a yankin. Maganar ma tana nan a shirye, ya kwana biyu yana juya ta: a bar 'yar siririyar hanya ta kan jinga, don garken da mai gona ya gayyata da kansa saboda taki. Ba ta fi haka ba. Ya buɗe baki. A ɗakin nan kalmomi huɗu kawai ya taɓa faɗa, bai san yadda muryarsa za ta fita da wasu ba. Ya hango Malam Yunusa da biro a hannu, ya ce a ransa za a ce Saje ya shiga siyasa. Ya hango maƙwabcinsa da karkataccen hannu, ya ce da wane ido zai roƙa wa shanu hanya a gaban mutumin nan. Kuma can ƙasan zuciyarsa yana ganin ai da aka ce jama'a ba da shi ake ba, shi ma'aikaci ne, jama'a su ne waɗanda ya jera wa benci. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Mustapha ya ce a yi addu'a, Haladu ya buɗe wa mutane ƙofa suka fita. Ni dai har yau in na tuna abin haushi yake ba ni, amma haka aka yi.

Dokar ta wuce kafin kaka, a wani zama da ba wanda zai tuna. An sa ta tsakanin amincewa da gyaran wani kwalbati da batun sayen kwandunan shara. Malam Yunusa ya yi karatu na uku da sauri, don akwai ɗaurin auren da kansiloli suke son su tarar. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ce e, aka ce e. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, ba wanda ya tanka. Ya buga guduma. Haladu yana tsaye a bayansa, in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarsa.

Bayan an tashi ya kulle sanda, ya bi Mustapha har wurin motarsa. A waje bakinsa yana aiki. Ya gaya masa labarin gonar da Buba da hanyar kan jinga. Mustapha ya tsaya da makulli a hannu yana kallonsa.

"Haba Baba Saje. Ai da ka faɗa ranar nan, layi ɗaya ne za mu ƙara. Mu kanmu mun yi tunanin masu son taki, muka ga ba wanda ya nema, muka ce ashe kowa ya koma na zamani."

"Yanzu fa, ranka ya daɗe?"

"Yanzu sai dai gyaran doka. Sai wani ya kawo ƙuduri, a koma kwamiti, a sake kiran jama'a. Ga kasafin kuɗi a gabanmu. Kuma dokar da ko aiki ba ta fara ba, in na ce a taɓa ta manoma za su ce an saye ni. Ka bari ta yi shekara mu gani."

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Wannan ne ma ya fi yi wa Haladu ciwo, don bai sami wanda zai ji haushi ba sai kansa.

Abin da ya rage masa shi ne ya sami Buba kafin Buba ya sami labari. Yana so ya ji daga bakinsa, kada ya kwaso garke da mata da yara ya zo a tare shi a hanya kamar ɓarawo. A nan ne Haladu ya gane wata wautar. Ba shi da lambar Buba. Bai ma san ko Buba yana da waya ba. Me za su yi da waya, mutanen da tudu da rani suke haɗa su? Ranar kasuwar Haɗeja ya shiga mota ya tafi kara, inda ake cinikin dabbobi, ya bi dillalan shanu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar Buba.

"Wane Buba?" in ji wani dillali. "Buban wa? Mutumin wane Arɗo ne? Ina yake damina?"

Ko ɗaya Haladu bai sani ba. Ya ce dogo ne siriri, matarsa Zinariya, babban ɗansa Sunusi, yana da wata saniya Wule mai karyayyen ƙaho. Dillalin ya yi dariya ya ce, "Malam, ka san sunan saniya ba ka san sunan uban mai ita ba?" Ya nuna masa karar da hannu, ya ce in ya ƙwala kiran Buba a nan mutum goma za su waiwayo, duk dogaye sirara. Haladu ya bar saƙo wurin duk wanda ya yarda ya karɓa, ya dawo gida.

Aka yi kaka, ruwa ya janye. Aka kafa allo a bakin tsohuwar hanya, aka sa 'yan sintiri. Haladu ya ware damman gero kamar kullum ya jingine a zauren gidansa. Da la'asar yakan hau keke ya je tudun, ya zauna a gindin giginya. Ba hayaƙi, ba balbela, sai ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina. Wani lokaci yakan hango garke can nesa a sabon burtali, farare ƙanana, suna wucewa. Ya tashi tsaye ya kare ido da hannu, ba ya iya gane ko na wa ne. In magariba ta yi ya yi sallarsa shi kaɗai ya koma.

Rani ya yi nisa, wata ranar zama, Haladu ya saɓa sanda ya shigo gaban shugaban majalisa, ya ɗaga murya ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ya ɗora sandar, ya ja da baya, ya ɗaga kai. A can baya akwai wani benci na jama'a, na duk wanda yake son ya kalli zama, wanda shekara da shekaru ba mai hawansa sai ƙura. Buba ne zaune a kai. Ya sa wata shuɗiyar riga mai karin guga, da hula. Maigadi ya karɓe masa sanda a ƙofa, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa.

Haladu ba shi da ikon gaishe shi, ko ɗaga hannu. Ya tsaya ƙiƙam. Ranar kuwa kamar da gayya zaman ya yi tsawo. Aka yi muhawara kan tsaftar mahauta, aka yi gardama kan sunan da za a sa wa wani sabon layi, wani kansila ya tashi ya yi ta bayani kan fitilun kasuwa. Buba bai motsa ba. Ba ya kallon masu magana. Haladu yake kallo, da shugaban majalisa, da ɗan tsakanin da ke tsakaninsu.

Da aka tashi Haladu ya kai sanda kabad, ko kwat bai tsaya tuɓewa ba ya fito. Ya tarar da Buba a gindin darbejiyar sakatariya, ya riga ya karɓo sandarsa, ga ɗan acaɓa yana jiransa a gefe. Haladu ya taho da sauri yana murmushi, yana jiran ya ji me za a ce da kwat ɗin nan da jar ɗamara, don ya san abin dariyar shekara guda ne.

Buba ya miƙo hannu biyu ya ce, "Sannu da aiki, Malam Haladu."

Haladu bai taɓa jin sunansa a bakin Buba ba. Ya karɓi hannun, murmushin ya tsaya masa a fuska. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da suke ganin girman juna: ya iyali, ya shanu, ya hanya, ya muka ji da sanyi. Buba ya ce sun iso bakin hanya tun farkon rani, 'yan sintiri suka karanta musu allo, suka juya su cikin mutunci, ba wanda ya zage su. Sun sauka can gaba da Guri, amma garke ya yi yawa a wurin, ciyawa ba ta isa. Sunusi da ƙannensa sun ce kudu za su yi, wajen Bauchi, kuma baɗi ba za su biyo ta nan ba. Yanzu shanun a hannun yara suke, shi bin su yake yi. Ya ce ya ga bai kamata ya wuce bai yi sallama ba, ya tambaya aka ce a nan ake samun Saje. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, man shanu ne, in ji Zinariya.

Haladu ya karɓa ya ce, "Na neme ka har kara. Na bar saƙo."

"Saƙo ya same ni. Na gode."

Buba ya dubi ƙofar zauren, ya ce, "Ranar da aka yi dokar nan, inda na gan ka yau, nan ka tsaya?"

"Nan na tsaya."

"Kusa da mai gudumar."

"Kusa da shi."

"Ni da na ɗauka ko a waje kake tsayawa, ba ka ji."

Haladu yana iya cewa doka ta hana shi magana in ana zama, kuma da gaskiya ya faɗa. Amma bai iya yi wa Buba rabin gaskiya ba. Ya ce, "An yi wata rana ta daban, aka ce duk mai magana ya yi. Ina da maganar. Ban yi ba."

Ya jira. Da ma Buba ya ce Barebari matsorata, da ma ya ce bawa ai ba ya magana gaban iyayen gidansa, da ma ya zage shi ta uwa ta uba. Duk wanda ya faɗa a ciki Haladu zai karɓa da murna. Buba ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Geronka yana nan a gida," in ji Haladu. "Mu biya ka ɗauka, ko in aiko maka."

"A'a. Shanu ba su kwana a gona ba, gero na me? Ka ci abinka."

Ɗan acaɓa ya tayar da babur. Buba ya tattare rigarsa ya hau da ƙyar, ya rungume sandar a ƙirji, dogayen ƙafafunsa sun rasa wurin zama. Haladu ya ji in ya bari babur ɗin nan ya tashi a haka, shi ke nan. Ya tattaro abin da ya rage masa na murya, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kai, Bafillatani a kan babur. Riƙe shi da kyau, yaro, bawana ne, in ya ga kwalta tsoro yake ji, kada ya faɗo mini."

Buba ya dube shi da idanun da suka yi ja. Ya ce, "Amin, Malam Haladu. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Babur ya ja. Haladu ya tsaya a gindin darbejiya da kwalbar man shanu a hannu, yana jiran ko Buba zai waiwayo ya jefo masa baƙar magana ko guda ɗaya. Har suka sha kwanar kasuwa bai waiwayo ba.